Tsakuwar Alhaji Bubayero

Duk wanda ke unguwar Borokiri ta Fatakwal ranar Laraba ya ji ihun Alhaji Bubayero. Dillalin shanu ne fa, Bafulatanin da ya sha bulalar sharo yana murmushi a ƙuruciyarsa, sai ga shi yana birgima a ƙasa yana kiran innarsa da ta rasu shekara talatin. Aka kwashe shi sai wani ƙaramin asibiti a bakin layi. Likita ya ce tsakuwar ƙoda ce.

Nas ɗin da ke jinyarsa, Lami, haifaffiyar Fatakwal ce, ba ta ɗaukar wargi. Ta yi masa allurar rage zogi, ta dire masa gorar ruwa da matacin shayi.

"Baba, ka yi ta shan ruwa. In fitsari ya zo, ta cikin wannan za ka yi, mu kama tsakuwar."

Kwana biyu yana tata kamar mai koko. Ran na uku abu ya faɗo. Alhaji ya duba, ya sake dubawa. Kai, ko ƙwayar gero ta fi ta auki! Wannan ce ta sa shi kiran inna? Ga mahautan kwata sun ce za su zo dubiya bayan la'asar, su kuwa bakinsu ba linzami. In suka ga wannan, shi da ɗaga kai a kasuwar shanu har abada.

Ya ƙunshe ta a takarda ya cusa a hula. Ya lallaɓa bayan asibiti inda ake gini, ya zaɓo tsakuwa mai girman gurjiya, ya ɗauraye, ya ɗora a faranti.

Mahauta suka kewaye faranti suna salati. Babbansu, Usaini, ya ce, "Alhaji, ashe ma jarunta ka yi. Da ni ne da tuni an yi sadakar uku."

Alhaji ya gyara zama, daɗi har kunne.

Ana cikin haka Lami ta shigo. Ta kalli faranti, ta kalli guntun simintin da ke maƙale a gefen tsakuwar, ta kalli Alhaji.

"Baba, daga jikinka wannan ta fito?"

"Ni na haife ta, 'yata."

"To ai babu zama. Irin wannan ba ta wucewa ba ta yi ɓarna ba. Bari in zura maka roba ta mafitsara." Ta zaro wata doguwar roba, ta fara sa safar hannu. "Ku taimaka ku riƙe min ƙafafunsa."

Mahauta, da kayar da bijimi ne sana'arsu, suka naɗe hannun riga suka matso.

Alhaji ya dubi robar tun daga wannan baki har wancan. Ya tuɓe hula, ya warware takardar, ya miƙa.

Usaini ya duƙa, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana leƙe.

"Alhaji," ya ce, "ta wane gefen take?"