Gwangwanin Ribit na Malam Sharafaddeen

Tun ranar da iyayen Mahdi suka kai gaisuwa gidan su Safara'u a Dutse Uku, bai ƙara iya kallon fuskar mahaifinta ba. In ya hango Malam Sharafaddeen tafe, ko ya durƙusa tun daga nesa, ko ya sauya layi. Kowa na jin kunyar suruki, amma ta Mahdi ta yi yawa, domin son da yake wa Safara'u irin wanda ke sa mutum tuntuɓe a fili ne.

Sai ga shi tsohon da kansa ya aiko a kira shi. Yana da wani ƙaramin jirgin ruwa da Baturen da ya yi wa aiki a kamfanin kuza ya bar masa. Jirgin ba shi da inji. Iska ce ke tura shi ta wani babban ƙyalle da ake ɗaurawa a doguwar sandar alminiyam, mai rami a ciki kamar bututu, wayoyin ƙarfe kuma na riƙe da sandar kada ta faɗi. Shekara da shekaru yana kife a bakin wani tafkin haƙar kuza a hanyar Bukur. Yanzu sandar ta tsage daidai inda ƙarfen da ke riƙe waya ɗaya yake, tsohon kuma yana son ya sake hawa kafin gwiwoyinsa su ƙi. Mahdi mai haɗa tagogin alminiyam ne a unguwar Congo-Russia. Wa za a kira in ba shi ba?

Ya duba, ya ga aikin ba wuya. Ya yanko fallen alminiyam, ya lanƙwasa shi ya rufe tsagar, sannan ƙarfen wayar zai hau kai. Saura ribit, ƙusar nan da ake turawa a rami a ja wutsiyarta da bindigar ɗaura ribit, ta kumbura ta baya ta damƙe. Yana shirin cewa zai je kasuwa, sai tsohon ya zaro wani gwangwani daga aljihun babbar riga, ya buɗe shi a hankali.

"Na Baturen ne," ya ce. "Na jikin jirgin ne tun asali. Ban yarda da na yanzu ba. Su za ka sa."

Mahdi ya ɗauki ɗaya, kansa a ƙasa, ya duba tsayinsa. Masu kyau ne, ba shakka. Amma an yi su ne don kaurin farko, na sanda da ƙarfe kaɗai. Yanzu ga falle ya shiga tsakani, kauri ya ƙaru. Ribit kuwa sai ya ratsa duka, ya bar saura a baya wanda zai kumbura. Waɗannan da ƙyar za su leƙa. Ramukan ma sun ci, sun yi faɗi, suna son mai kauri.

Ya so ya faɗa. Ya ga yatsun tsohon suna shafa murfin gwangwanin. Ta yaya zai ce wa uban Safara'u abin da ya adana tun kafin a haife shi bai isa ba?

Ya ce, "To, Baba."

Ya sa su. Wutsiyar kowanne ta tsinke da wuri, bindigar ba ta yi masa gardama a hannu ba, ya kuwa san ma'anar haka. Daga waje kawunan sun kwanta lumui, suna sheƙi. Cikin bututu kuma ba idon da ke shiga. Tsohon ya sa albarka har sau biyu, Mahdi ya ji kamar ana zuba masa garwashi a ƙeya.

Ya yi ta lallashin kansa. Tsoho ne, ba nauyi gare shi ba, kusa da gaɓa zai zagaya. Ya so ya gaya wa Safara'u ta waya, sai ta riga shi da labarin yadda Baba ke yabonsa a gaban baƙi, tana dariya, tana tsokanarsa wai ya ƙwace mata uba tun kafin a ɗaura aure. Sai ya fasa.

Ranar Asabar da hantsi suka hallara a bakin tafkin, har da Safara'u. Iskar Jos tana kaɗawa da sanyinta, ruwan kore shar, irin na ramin kuza da ba wanda ya san ƙarshensa. An ɗaga sanda, an ja ƙyalle, ya cika ya yi tumbi. Tsohon ya shiga ya zauna, fuskarsa ta koma ta saurayi. Sai ya miƙo hannu.

"Auta, taho. Uwarki ta ƙi hawa har Allah ya karɓe ta. Ke ki hau."

Safara'u ta tattare mayafi, ta cire takalmi. Mahdi ya san ko a kwatami ba ta iya iyo ba. Ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen wayar, ya ga ya ɗan ɗaga daga jikin sandar, tazarar da farce zai shiga.

Bai san lokacin da ya faɗa ruwa har gwiwa ba, ya riƙe bakin jirgin da hannu biyu.

"Baba, kada ta hau. Ku ma ku sauko. Ribit ɗin sun yi gajarta, ba su kama ba."

Tsohon ya tsaya yana dubansa. Mahdi ya kama wayar ya fizga sau ɗaya. Ƙarfen ya ɓalle, ribit suka zubo cikin jirgi kamar tsaba, sandar ta kwanta gefe ta daki ruwa, ƙyallen ya biyo ta.

Malam Sharafaddeen ya tsinci ɗaya, ya juya bayansa. Ko kumbura bai yi ba sosai.

"Yaushe ka sani?"

"Tun da kuka buɗe gwangwanin, Baba."

"Kuma ka yi shiru?"

"Na ji kunyarku."

"Kunyata," in ji tsohon, a hankali. "Da ta nutse, da wace fuskar za ka zo mini gaisuwa?"

Ruwan sanyi na cin ƙafafun Mahdi, jikinsa kuwa zufa yake. Safara'u ta sa takalminta, ba ta dube shi ba, ta haura tudu ta zauna a kan dutse ta ba su baya. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Tsohon ya fito da ƙyar, ya ƙi hannun da Mahdi ya miƙa masa. Ya zaro gwangwanin, ya jefa ribit ɗin da ya tsinta a ciki. Sannan ya rufe gwangwanin ya mayar aljihu, ya ce a jawo sandar kan gaɓa. Da suka kwantar da ita, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa marasa lafiya, ya dafa fallen.

"Wane iri take so? Ɗago kai ka gaya mini. Ba da ƙasa nake magana ba."

Mahdi ya ɗago. Idanun tsohon sun yi ja. Mahdi ya ce sai an sake huda ramukan su daidaita, a auna kaurin sanda da falle da ƙarfe a haɗe, a samo masu kauri da tsayin da zai bar saura a baya.

"To, je ka samo. Ina nan."

Hanyar titi ta gaban dutsen da Safara'u ke zaune ta bi, babu wata. Mahdi ya matse ƙafar wandonsa, ya fara hawa.