Kwalayen Butikin Attahir

Tun da hantsi labari ya zagaye kasuwar Belbeji cewa mai lanho, wato mai yanka haraji, ya shigo layin masu kayan moto, da babban littafi a hammata.

Attahir ya ji. Ya tsaya tsakiyar butikinsa yana kallon kantoci. Daga ƙasa har rufi kwalaye ne jere, na sarƙa, na buji wato filogi, na fitila. Layin gaba kaɗai ke da kaya. Sauran duk iska ce a ciki.

Ba shi ya fara wannan dabara ba. Makiyayi in ya sauko daga daji da motonsa mai ƙafa biyu, inda ya ga kaya sun cika nan yake shiga. Shi ya sa tun bara da damina ta gaza, ciniki ya mutu, duk kwalin da ya ƙare sai Attahir ya liƙe bakinsa ya mayar da shi mazauninsa. Ko matarsa Rahama ba ta sani ba.

Gajere mai faci, maƙwabcinsa, ya leƙo yana goge hannu.

"Alhajin layi, yau kai za a fara yanka. Mu masu bokiti da famfo ko kallonmu ba a yi."

"Gajere, koma kan tayarka."

"Zan koma. Bari in ga yadda manya ke biya."

Mai lanhon dattijo ne siriri, Mushe Falalu. Ya yi sallama, ya ɗaga kai sama, ya bi kantocin da ido a hankali. Bayansa mutane sun fara taruwa, har da wani Buzu mai rawani da ya jingine moto yana jiran a sallame shi.

"Malam Attahir, kana rubuta abin da kake sayarwa?"

"A'a, Mushe."

"Ko kaye, littafin nan da ƴan lakkwal ke rubutu a aji?"

"Babu."

"To. Lanho bisa cinikin shekara ake yanke shi. Mai rubutu, mu duba rubutunsa. Wanda bai da shi, ido za mu bi." Ya nuna kantocin da bik, alƙalaminsa. "Kuma ido ya ga kaya."

Ya rubuta, ya juyo da littafin. Attahir ya kalli lambar. Duk abin da ya samu tun daga ƙaramar salla bai kai ta ba. In bai biya ba a rufe butikin. In ya faɗi gaskiya, kafin azahar kasuwa duka ta san ya karye, mai saye kuma ba ya komawa wurin karyayye.

"Mushe, ta yi yawa," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Kowa haka yake cewa. Nuna mini dalili in gyara."

"In zo biro, can ofishinku, gobe mu yi magana?"

"Ka zo da butikin a kai? Nan kayan suke, nan za a gama. Sa hannu."

Ya miƙo bik. Attahir ya karɓa. Ya ji Gajere na ce wa wani, "Wannan ai kuɗin shayinsa ne."

Attahir ya aje bik ɗin. Ya jawo ƙyaure ɗaya ya rufe, ya bar ɗaya don haske. Ya taka benci, ya ɗauko kwalin sarƙa mafi girma da yatsu biyu, ya ɗora a hannun dattijon.

Mushe Falalu ya jijjiga shi. Ya dubi Attahir.

"Kwali nawa ne haka?"

"Duk na sama. Da na baya."

Dattijon ya sa sanda ya taɓa layin sama don ya tabbatar. Kwali uku suka zubo, suka faɗi ƙasa ba nauyi, ɗaya ya gangara ta ƙyauren da ke buɗe har bakin ƙafar Gajere.

Gajere ya sunkuya ya ɗauka, ya riƙe, ya rasa inda zai aje.

Mushe Falalu ya soke lambar, ya rubuta wata ƙarama.

"Sayi kaye yau ɗin nan. Kowane buji ka rubuta."

Attahir ya sa hannu. Da ya buɗe ƙyauren, Buzun ya riga ya tura motonsa zuwa butikin da ke tsallake.