Sunan Baffa a Ƙasan Shafi

Bana sashen tarihi na jami'a ya ga alheri. Malamai sun fitar da littattafai, an ƙara wa Dakta Chirambo girma, ɗalibarsa Lusungu Harawa kuma ta ci kyautar bincike a kan yadda dangogi suka zauna a bakin kogin Rukuru. Har a rediyo aka faɗa. Mu a garinmu Rumphi mun yi ta murna, don ba mu karanta aikin ba.

'Yan gidan Msiska sun karanta.

Lokacin binciken, Lusungu ta sauka a gidan baffanta Yotamu. Suna cin tuwon masara da ƙananan kifi ya gaya mata abin da ba a faɗa a waje: fadamar da yake nomawa ba ta gidan Harawa ba ce, aronta kakansa ya yi daga gidan Msiska a shekarar yunwa, ba a mayar ba. Shi da 'yar ƙaninsa yake hira. Ita kuwa aiki take yi.

Malaminta ya koya mata cewa tarihin da ba a ambaci mai ba da shi ba gulma ne. Sai ta rubuta sunan Baffa da ƙauyensa a ƙasan shafi, a ganinta girmamawa ce. Ba ta nemi izininsa ba. Wannan sakaci ne, ko da kyauta a kansa.

Msiska suka kai ƙara gaban mai gari, suna neman fadamar. Lusungu ta hau mota ta zo, ta durƙusa gaban baffan.

"Baffa, ka ce ban fahimce ka ba. Ka ce ni na ƙara."

"Su karɓe kyautar?"

"Su karɓe."

"To, 'yar rediyo. Kin sa ni a littafi, yanzu kuma ƙarya za ki sa ni da furfurata?"

Ranar zama, tsoho Msiska ya ɗaga takardun. "Harawa, ashe malamin jami'a muke maƙwabtaka da shi ba mu sani ba." Aka yi dariya.

Mai gari ya ce, "Yotamu, kai ka faɗi wannan?"

"Ni na faɗa. Yarinyar ba ta ƙara komai ba."

Aka yanke cewa in ya kwashe amfanin bana, fadama ta koma hannun Msiska.

Lusungu ta bi shi fadamar tana taya shi tonon dankali. Bai yi mata faɗa ba, ita kuwa faɗan take jira. Suna cikin aiki wayarta ta yi ƙara: Dakta Chirambo ne, ana nemanta a sashe za a ɗauki hoton waɗanda suka yi fice. Ta ce tana zuwa, muryarta can ƙasa.

Baffa ya cika buhu, ya ɗaure, ya ɗora mata a ka.

"Kai wa malaminki. Ki gaya masa daga wace gona ya fito, tunda ku ba kwa ɓoye tushe."