Mai Daka a Ƙirjin Ilu

Ilu mai tsire ba ya miƙa wa mai saye ɗanɗano sai ya fara jefa nasa a baki, kuma kitse yake zaɓa. Wai don a san namansa ba cuta. Likita ya ce yana da hawan jini, ya rage maiƙo da gishiri, ya riƙa shan magani kullum. Ya sha na 'yan kwanaki, ciwon kai ya tafi, shi ke nan wai ya warke. Matarsa Hansai ta yi magana har bakinta ya gaji, amma mutumin kunnen ƙashi gare shi.

Ran nan bayan azahar ya kishingiɗa a zaure, ƙirjinsa na masa nauyi, barci ya sace shi.

Sai ga wani bijimi tsaye a kansa, bayansa a shafe.

"Ina tozonka?" in ji Ilu.

"Kai za a tambaya. Taso in nuna maka inda ka ajiye shi."

Suka bi wani jan lungu. Bangon duk daskararren kitse ne, gishiri na zubowa daga sama kamar yayyafi. Lungun na ta matsewa har Ilu ya koma tafiya a kaikaice, jini na bayansu yana turereniya, ya rasa hanyar wucewa.

A ƙarshen lungun wata tsohuwa ce ke daka, gumi sharkaf. Duk bugu ɗaya, jinin ya ɗan matsa gaba.

"Sannu da aiki, Iya."

"Riƙe sannunka! Tun kana cikin uwarka nake dakan nan, ko ranar salla ban ajiye taɓarya ba. Kai kuwa sai toshe mini hanya kake yi. Ina 'yar ƙwayar nan da ke rage mini nauyi?"

"Ai na warke, Iya. Kaina ya daina ciwo."

"Kanka ne ke daka, ko ni?"

Maimakon ya ba da haƙuri, bawan Allahn nan sai ya gyara tsayuwa ya shiga gardama. Mai tsiren da ba ya ɗanɗana namansa, wa zai yarda da shi? Ai mahaifinsa ma haka ya yi sana'ar.

"Na san wadda ta yi wa mahaifinka daka," in ji tsohuwar. "Bai ga auren ɗansa ko ɗaya ba ta ajiye taɓaryarta."

Ta ɗaga taɓarya sama, ba ta sauke ba. Jinin ya tsaya cak. Bijimin ya juya ya yi tafiyarsa. Tsoro ya kama Ilu, ya buɗe baki zai roƙe ta, numfashi ya ƙi fita.

Firgigit ya farka. A tsakar gida Hansai ce ta jingine taɓarya tana sharce gumi.

"Kar ki tsaya! Ci gaba da dakan!"

"Ikon Allah! Maigida, ai hannu yana gajiya."

Ilu ya dafe ƙirji, ya yi tsit yana saurare.