Kalandar da Iklima Ta Kasa Sayarwa

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma abin da na fara lura da shi a cikinsa shi ne ƙafafun mutane. Kowa ya ɗaure leda a ƙafa, kai kuwa a buɗe. Ban daɗe ba na gane dalili: a garin, ruwan sama daga ƙasa yake tasowa. Yana tsattsafowa ta cikin yashi, ya bi ta gefen kunnen mutum, ya wuce sama. Na tattare zanina na ci gaba da tafiya, don ba na so a gane ni baƙuwa ce.

Iklima tana riƙe da hannuna. 'Yar yayana ce, shekararta bakwai, kuma a gida cewa ake halina ta ɗauko, domin ita ma idan aka yi baƙi bayan ƙofa take komawa. A kanta akwai faranti cike da kalanda. Na san su. Su ne waɗanda makarantarsu ta raba wa yara a farke, kowa ya sayar a gyara rufin ajin da iska ta yaye. Tun ranar suna kan kujerar ɗakina, ba wadda ta fita sai wadda na saya da kaina. Yayana ya ce in je taron iyaye a madadinsa in faɗi ra'ayina, tunda ni ce na yi jami'a, na ce masa to, alhali na san ko tari ba zan iya yi a gaban mutane ba. A mafarkin dai ba rufi ake son gyarawa ba, daɓe ne, don ta nan ajin yake yoyo.

Muka tsaya a ƙofar wani gida. Na ce wa Iklima ta yi sallama, ta ce ni in yi. Muka yi ta kallon juna har ƙofar ta gaji ta buɗe kanta.

Wata tsohuwa ta leƙo tana dogara sanda. Sai da ta kira sunana na gane Maman Walida ce, maƙwabciyarmu, wadda muka yi Islamiyya aji ɗaya. Na gaishe ta da tsugunno, ta ce in tashi, wata uku kawai ta ba ni. Ta ja mu ciki. Bangon ɗakin duk kalanda ce, wata kan wata, har taga ta toshe. Ta yi mini bayani tana gyara wa Iklima ɗankwali: a nan duk wanda ya rataye kalanda sai shekarar ta hau kansa nan take. Ta sayi ta Walida, sannan ta sayi ta duk yaron da uwarsa ta sayi ta Walida. Na tambaye ta me ya hana ta saya ta cusa ƙarƙashin katifa. Ta ce ta gwada, katifar ce ta tsufa ta mutu.

"To ki ƙi saya mana," na ce a hankali.

"Rumasa'u, yaro na tsaye a ƙofarki da faranti, uwarsa ta saya wa 'yarki? Da wane idon?"

Ta ƙara da cewa waɗanda ba a sayar ba kuma, mai ɗauke da su suke hawa. Na juya na dubi Iklima. Rigar makarantarta ta ɗage zuwa gwiwa. Giɓin da ke gaban bakinta, wanda kullum nake leƙawa in ga ko haƙoran sun fara fitowa, ya cike tas. Ban ga lokacin da suka fito ba.

Maman Walida ta fara kwance bakin zani, ta ce a ba ta ɗaya, ba za a ce 'yar gidanmu ta shigo ta fita haka ba. Iklima ta ja da baya, ta riƙe farantinta da hannu biyu.

Sai ga mu a ofis. Awaki ne ke aiki a ciki, kowace da teburinta. Na shiga layi. Duk wanda ya zo bayana ya yi ɗan gyaran murya sai in matsa masa ya wuce, har da wani da ya shigo tambayar hanya kawai. Kafin in kai gaba Iklima ta kamo ni tsawo. Ta ce, "Anti, wuyana." Na yi ƙoƙarin sauke mata farantin, ya ƙi rabuwa da kanta.

Shugabar ofishin farar akuya ce mai tabarau, ta yafa gyale, tana tauna wani abu a nutse.

"Me kike sayarwa?" ta ce. Haka ake gaisuwa a garin.

Na ce ranki ya daɗe ba na sayar da komai, so nake in ba makaranta gudummawa a sauke wa yarinyar nan kaya. Duk awakin suka daina tauna. Shugabar ta cire tabarau ta goge da gyale. Ta ce akwai tagar saye, akwai tagar sayarwa, akwai tagar ƙorafi amma ita ma an sa ta a kasuwa. Tagar bayarwa kam ba a taɓa ginawa ba. Ta zaro kalanda ɗaya daga tebur don ta nuna mini yadda tsarin yake. Ta yage rabin mai bugawa, ta yage na mai kawowa, ta gatsi na ofis ta haɗiye. Abin da ya rage ta ɗora a kan kofato ta miƙo mini, bai fi ƙwayar riɗi ba. Ta ce wannan na makaranta ne, kuma ana samun ci gaba: an gyara daɓe daidai inda yaro ɗaya zai tsaya da ƙafa ɗaya, suna yin karɓa-karɓa.

"Ba a raba mutum da abinsa a bar masa hannu wayam," in ji ta. "Hannun zai ji kunya."

Na ce ban sani ba ko an taɓa tambayar hannun. Ban yi niyyar ta ji ba, amma ta ji. Ta ce in kai maganar taron iyaye, an riga an fara, kuma ba a sauraron wanda yake zaune.

Ajin ya cika da tsofaffi a kan bencin yara, kowa ya ɗage ƙafa, ruwa yana tasowa ta tsakaninsu. Na nemi can baya kusa da tsintsiya na zauna. Maza uku suna tsaye suna ta muhawara da ƙarfi, ɗaya yana cewa a ƙara yawan kalandar, ɗaya yana cewa a haɗa da man shafawa. Na lura ba mai jin su. Da zarar magana ta fito da ƙarfi sai ruwan ya ɗauke ta ya manna a silin. Shugaban taron ya ce ko akwai mai magana. Na dubi tsintsiya. Ya sake tambaya. Na tsara jimlar a raina da Hausa, na sake tsara ta, na ga kamar gara in bari wani ya faɗa.

Wata mata a gefena ta taɓa ni. Ta girme ni nesa, furfura ta fara fito mata a gefen kunne, ga faranti a kanta.

"Anti," ta ce, "in na sayar, za ki bar ni in je carafke?"

Na miƙe. Muryata ba ta fi ta mai karatu a zuci ba. Amma da yake ba ta da ƙarfi, ruwan bai ɗauke ta ba. Ta gangara ƙasa ta bi ƙarƙashin benci, ta tsaya a ƙafar kowa.

"A ajiye ƙwarya a bakin ƙofa. Mai son bayarwa ya sa abin da ya samu ya tafi. Mai son kalanda ya saya. Kada a leƙa a ga na wani."

Wani dattijo ya tambaya me za a ba su in sun bayar. Na ce ba komai. Ya yi lissafin ɗakinsa, sannan ya ce wannan kam yana da wurin ajiye shi.

Aka kawo ƙwarya aka kife ta, saboda a garin komai sama yake yi. Maman Walida ce ta fara zuwa. Ta tura hannu ƙarƙashi, ta zaro shi wayam, ta juya shi gaba da baya kowa yana kallo. Hannun bai nuna alamar kunya ba, ta ma sosa hanci da shi. Ta koma wurin zamanta ta manta da sandar. Sauran suka bi layi. Na ga wani ya tura hannu babu komai a ciki, ya zaro, ya wuce kamar kowa. Ni kaɗai na gani, ban kuma faɗa ba. Wani ya ce shi da gaske kalandar yake so don ya san lokacin azumi. Aka sayar masa da ɗaya, kalandar ta yi alkawarin za ta bi shi a hankali, rana ɗaya bayan ɗaya.

Daɓen ya fara haɗewa daga bakin ƙofa yana shiga ciki. Mutane suka sauke ƙafafu. Farantin ya zame daga kan Iklima da kansa, ta yi ta raguwa har ta dawo daidai ƙuguna, rigar ta sauko inda take. Na tsugunna na ce ta buɗe baki. Giɓin ya dawo, amma rabi. Haƙori ɗaya ya zauna daram, babba, fari. Na san na wane lokaci ne: na layin da na yi ta matsa wa mutane suna wucewa.

Farar akuyar tana tsaye a bakin ƙofa. Ta sunkuya ta shinshina ƙwaryar, ba ta sami abin tauna ba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta gyara gyalenta, ta ɗauki hatiminta a baki, ta juya ta fita. Kofatonta yana ƙwas, ƙwas a kan busasshen daɓe.

Da wannan ƙarar na farka. Iklima ce a bakin ƙofar ɗakina tana carafke ita kaɗai, duwatsun suna faɗuwa kan siminti. Kalandar tana nan kan kujera, kuma taron iyaye yau ne bayan la'asar.