Jar Riga a Layin Ganga

Mutum uku ne a gidan mai walda: shi kansa, da matarsa mai sayar da ƙanƙara, da 'yarsu guda ɗaya da ake kira Auta, ko da yake ba ta da yaya ba ta da ƙani. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sha ba. Abin da babu a gidan shi ne koriyar riga daidai jikin Auta.

Kore shi ne launin ƙungiyar ƙwallon garinsu, kuma Baba ne mai buga wa magoya baya ganga a filin wasa. Tasa rigar ta koɗe har ta fara komawa fara, amma yana ji da ita kamar ƙwai. Duk sanda Auta ta ce, "Baba, tawa fa?" sai ya ce, "Wata mai zuwa." Watanni suka yi ta zuwa suna wucewa, riga shiru.

Mama tana da ƙani mai aski, wanda ya shafe bangon shagonsa da jan fenti saboda ƙaunar Jajaye, ƙungiyar garin da ke maƙwabtaka da su. Shi da Baba ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Wata rana Auta ta biya shagon daga makaranta, ta zauna a kujerar nan mai juyawa tana kallon kanta a madubi.

"Har yanzu watan babanki bai tsaya ba?" in ji Kawu.

"Bai tsaya ba."

Kawu ya jawo aljihun tebur, ya ture almakashi da mataji gefe, ya zaro wata leda. Jar riga ce sabuwa fil, kamar an gwada ta a jikin Auta.

"Ranar wasanmu da ku za ki sa," in ji shi. "Ki ɗora rigar sanyi a kai. Sai kin zauna kusa da gangar nan tasa, sannan ki ji zafi."

Auta ta san sarai abin da ake shiryawa. Ta kuma ga cewa mutumin da ya yi ta yi mata alkawari ba cikawa ya cancanci a ɗan ja masa gemu.

Ranar wasa, karo na farko ke nan da Baba ya yarda ya tafi da ita. Suna shirin fita Mama ta hango jan wuya yana leƙowa ta ƙarƙashin rigar sanyin. Ta miƙa hannu ta tura shi ciki, ta ce, "Ni dai ban ga komai ba," ta koma wajen firjinta kafaɗunta suna rawa don dariya.

Wurin zaman Baba layin gaba ne, a kan dandamalin siminti, dab da shingen waya. Can Auta ta tarar da Dogo mai fenti, abokin Baba, da wani dattijo da ake kira Mai Tuta, wanda shi ke da faɗa a ji a layin. Suna da doka guda da ba a taka ta: duk wanda ya kawo jan abu layin ganga, to ya kawo musu rashin sa'a, sai ya koma can ƙololuwa kusa da allon talla, inda rana ta fi duka kuma 'yan wasa suke zama kamar tururuwa. An taɓa tura wani can saboda jar lema kawai.

Aka take wasa. Baba ya shiga kiɗa, dubban baki suna amsa masa, simintin da Auta ke kai har rawa yake yi. Ta dube shi, ta ga ashe a nan babanta wani ne. Sai ta fara tunanin ko ta fasa. Amma gumi ya riga ya jiƙa mata baya, kuma zafin da Kawu ya ce ta ji ya zo da gaske. Ta kama rigar sanyin ta tuɓe.

Kamar jira ake yi. Ba ta gama ninke ta ba, ɗan wasan Jajaye ya sa kai, ƙwallo ta kwanta a raga.

Ganga ta tsaya. Idanu suka bar fili suka dawo kan Auta, ja wur a tsakiyar kore kamar barkono a cikin ganye.

"'Yar wa ce wannan?" in ji Mai Tuta.

Kowa a layin ya ga wanda ya riƙo hannunta suka shigo. Dogo ya yi gyaran murya, yana nema wa abokinsa hanya. "Ina jin ɓatan kai ta yi. Daga ɓangaren baƙi take. Bari in mayar da ita wajen masu tsaro."

Nan dariyar da Auta ta taho da ita tun daga gida ta gudu. Ta ɗaga kai ta dubi Baba. In ya yi shiru kaɗan, shi ke nan, Dogo zai tafi da ita, ganga ta ci gaba.

Baba ya dubi rigar, ya dubi mai rigar, ya share gumin goshinsa.

"Tawa ce," ya ce. "Ai kun ga hancin."

"To ta mayar da rigar sanyin, a wuce wurin," in ji Mai Tuta.

Baba ya sunkuyo. "Auta, za ki mayar?"

Ita ma ba ta san daga ina taurin kan ya zo ba. "Zafi nake ji."

"Zafi take ji," Baba ya gaya musu, kamar mai isar da hukuncin alƙali. Ya miƙa wa Dogo makaɗi, ya kama hannun 'yarsa, suka fara hawa matakala.

Ba a bar su sun hau salin-alin ba.

"Mai walda, ashe a gidanka ake kiwonsu?"

"Ka liƙe ƙofofin mutane, ka bar taka a buɗe."

"'Yan mata, ki gaida mai askin nan, mun ga aikinsa."

Baba yana ɗaga musu hannu kamar wanda ake yi wa kirari, har suka kai ƙololuwa suka zauna a jikin allon talla. Daga ƙasa Dogo ya fara kiɗa, kiɗan da ya fi kama da ana gyaran kwano. Duk bugun da ya kuskure sai Baba ya runtse ido. Yatsunsa kuwa suna ta buga na daidai a kan gwiwarsa, ba mai ji sai Auta.

"Baba," ta ce a hankali, "in rufe ta? Sai ka koma."

"Bar ta. Abin haushin ma, ta yi miki kyau." Ya gyara mata wuyan rigar. "Kawunki ne ko?"

"Shi ne."

"Kin kuma san abin da kike yi?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Na sani."

Baba ya mayar da ido kan 'yan tururuwan da ke guje-guje a ƙasa. Can sai gefen bakinsa ya motsa.

"Ƙofar shagonsa tana wajena, ya kawo in liƙe mata inda ta ɓalle," ya ce. "Ya ce in shafa mata fenti kafin in mayar. Bai dai faɗi launi ba."

Auta ta ɗago. "Ni zan riƙe maka gwangwanin."

"A cikin wannan rigar za ki riƙe, don in ya zo faɗa ya ga har da 'yar ƙungiyarsu aka yi."

Jajaye ne suka ci wasan. Auta da Baba suna saukowa ana ta nuna shi ana dariya, har wani ya ce kada ya sake ya taɓa ganga sai an yi shawara a kansa. Bai saki hannunta ba har suka fita ƙofa. A ranar Auta ta gane cewa babanta yana son gangarsa ƙwarai, amma in aka ce ya zaɓa, ita zai ɗauka, ko da wace riga ta sa.