Kwanar Ƙarƙashin Gada

Ƙanin mijina ne ya zo ɗaukata daga wurin aiki ranar, don yayansa ya yi tafiya ya bar masa mukullin mota. Totur kowa yake ce masa, har mahaifiyarsu. Tun yana koyon tuƙi sunan ya bi shi, saboda yadda yake taka totur ɗin mota.

Aikina haɗa hoton fim ne. A kawo mini abin da aka ɗauka gutsi-gutsi, in yanke, in jera, har ya zama labari. Fim ɗin tseren motocin da samari suka haukace a kansa daga kwamfutata ya fito, kuma Totur ya kalle shi har ya haddace.

"Matar Yaya, yau jarumi ne direbanki," ya ce yana buɗe mini ƙofar gaba.

"Jarumi da motar aro," na ce. Muka yi dariya. Haka muke da shi, ba ma magana sai da tsokana.

Sai da muka wuce gidan mai na lura ba hanyar gida ya ɗauka ba. Ya ratsa tsakanin gangunan da aka tare hanya da su, ya hau sabon titin da ba a buɗe ba tukuna. Na san titin, a nan aka ɗauki ƙarshen fim ɗin. Miƙaƙƙe ne sambal, sai can ƙarshe ya karya kwana ƙarƙashin gada, katangar kankare a hagu, magudanar ruwa mai zurfi a dama.

Ya miƙo mini wayarsa. "Riƙe ki ɗauka, ke ce gwana."

"In ɗauki me?"

"Kwanar nan mana. Gudun ɗari da sittin, a ja birkin hannu, a murɗa sitiyari. Na gama nazarinta."

Na buɗe baki zan mayar masa da baƙar magana, sai na ji kujera ta manne da bayana. Sandunan fitilar titi suka fara giftawa kamar ana jefo su. Wayar ta suɓuce ta faɗi ƙarƙashin ƙafata.

"Totur, saurare ni. Ba mota ɗaya ba ce. Wadda ta shiga kwanar ƙofa biyu gare ta, wadda ta fito huɗu. Fentin ne kawai iri ɗaya."

"Kin iya tsara zance, Matar Yaya."

"Ka tuna titin. Kafin kwanar a bushe yake, a cikinta sharkaf. Ruwan sama aka yi cikin ƙiftawar ido? Tankar ruwa aka kawo don taya ta zame."

Ya cusa wata giyar yana murmushi. Na ci gaba, don ba ni da abin tsayar da shi sai magana.

"Allurar gudun da ka gani, a gareji aka ɗauke ta, mota a ɗage kan jak, tayoyi suna juyawa a iska. Ainihin gudun bai kai arba'in ba. Ni na ƙara masa sauri a kwamfuta. Mota mai giya biyar, jaruminka ya canja sau tara, duk gaba. Ka taɓa ganin irinta?"

"To yau za ki ɗauki na gaske," ya ce.

A nan na gane halin da nake ciki. Shekara da shekaru ina zolayarsa, yanzu duk gaskiyar da na faɗa wasa yake ji. Gadar ta fito a gabanmu, tana ƙara girma. Sitiyarin yana karkarwa a hannunsa, ƙofar gefena tana wani irin kuka. 'Yata ce ta faɗo mini a rai, tana can gidan maƙwabta da jakar makarantarta tana jirana.

"Mai ƙofa biyun tana bayan ofishinmu, an lulluɓe ta da tamfol," na ce. "Direban ya gwada da gudu, sau ɗaya. Har yau matarsa ce ke juya shi a gado. Na ga hoton da idona, shi ya sa ba ya cikin fim ɗin."

Hannunsa ya sauka yana laluben birkin hannun. Na riga shi. Na danne ƙarfen da hannu biyu, na kwanta a kai da duk nauyina, na kira shi da sunansa na yanka, wanda rabona da faɗa tun ina amarya.

Ya waigo ya dubi fuskata. Ban san me ya gani ba, amma murmushin ya ɓace. Ya taka birkin ƙafa da dukkan ƙarfinsa.

Tayoyi suka yi ƙara, warin roba ya cika motar. Bayanta ya zame hagu, ya gogi katangar da wani sauti da ya shiga har cikin haƙorana. Bel ɗin kujera ya shaƙe mini ƙirji. Muka ci gaba da zamewa a karkace, ina salati ban san da wane baki ba, har motar ta yi tsalle kaɗan ta tsaya, tayar gaba a leɓen magudanar.

Da hayaƙin tayoyin ya lafa sai na gan su. Leburorin titi ne a cikin kwanar, a inuwar gadar, zaune kan kwalta suna cin abinci. Daga miƙaƙƙen titin ba a hango su. Wani ya daskare da loma a hannu. Tsakaninmu da na farkonsu bai wuce tsawon tabarma ba.

Shugabansu, wani dattijo mai hular kwano, ya zo ya buɗe ƙofata. Bai yi faɗa ba.

"'Yata, saki ƙarfen nan, kin tsaya."

Na kasa. Shi ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Totur ya fita da rarrafe ya durƙusa a bakin magudanar yana amai. Dattijon ya dube shi, ya miƙa masa gorar ruwa, ya ce wa direban tifarsu ya kai ni gida.

Da maigida ya dawo, Totur da kansa ya faɗa masa komai, a tsaye a tsakar gida, kansa a ƙasa. Maigida ya zagaya motar, ya shafa inda fentin ya kankare, ya leƙa kujerar da na zauna. Ya karɓi mukullinsa ya shige ɗaki, ya rungume 'yarmu ya daɗe bai sake ta ba.

Washegari na koma aiki. Mai ba da umarni ya kawo sabbin hotunan tsere ya ce yana so su fi na baya zafi. Na buɗe na farko, taya ta yi ƙara a lasifika. Na kashe sautin, na tashi na buɗe taga, na tsaya a nan har shayina ya huce.